Yadda Za Ka Sa Ɗan Majalisarka Ya Titsiye Gwamnatin Birtaniya Kan Harajin Shago Da Matsalar Gida

Duk mai shago a Ingila ya san ambulan ɗin da ke faɗowa ta ƙofa wajen watan Maris, daga ƙaramar hukuma, ɗauke da lissafin harajin wurin kasuwanci, wanda Turawa ke kira business rates. A 2025 ina tsaye wani dattijo namu mai sayar da gari da manja da busasshen kifi ya buɗe nasa a kan kanta. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya sake mayarwa, don ya zaci idonsa ne ke masa gizo. Kuɗin ya ninka har da ɗoriya, alhali shagon bai ƙaru da taku ɗaya ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wa zan kai wa kuka?"

Na ce masa, "Baba, akwai wanda aka zaɓa ana biyansa albashi don wannan." Majalisar wakilai da ke Landan tana da kujeru 650, kuma kowane ɗan majalisa yana da ikon rubuta tambaya wadda minista zai amsa a rubuce, a ajiye ta inda kowa zai gani. Mutanenmu ba su cika taɓa wannan ƙofa ba, kuma abin yana damuna. Ga yadda ake bi.

Mataki na farko: gano hannun da ya taɓa ka

Harajin nan hannu uku ne ke haɗa shi, kuma in ka kai ƙarar wannan wurin wancan, sai a yi ta wasa da kai. Hukumar ƙiyasta darajar gine-gine, wato Valuation Office, ita ke yanke abin da take ganin shagonka zai ci na haya a shekara. Gwamnatin tsakiya ita ke yanke kwabo nawa za a karɓa a kowane fam na wannan ƙiyasi, ita ce kuma ke ba da rangwame ko ta janye. Ƙaramar hukuma nata shi ne aiko da takarda da karɓar kuɗi.

Ɗauki misali. A ce an ƙiyasta shago a kan fam 20,000. A shekarar haraji ta 2024 zuwa 2025, ƙaramin wuri kwabo 49.9 yake biya a kowane fam, wato fam 9,980. Amma shaguna da gidajen abinci da wuraren shaƙatawa suna da rangwamen kashi 75 cikin ɗari a lokacin, sai kuɗin ya dawo fam 2,495. A kasafin kuɗin 30 ga Oktoba 2024, ministar kuɗi Rachel Reeves ta rage rangwamen zuwa kashi 40 daga Afrilu 2025, sai wannan shago ya koma biyan fam 5,988. Ka ga ƙiyasin bai motsa ba, ƙaramar hukuma ba ta yi kuskure ba. Shawara ce da aka yanke a ma'aikatar kuɗi, kuma irin wannan ita ce ta majalisa.

In kuwa ƙiyasin ne kake ganin an zalunce ka a kai, misali an auna shagon da faɗin da ba shi da shi, to wannan hanyarsa daban: ka shiga shafin hukumar ƙiyasin ka nemi a duba, ka ƙalubalanta, in ta kama ka ɗaukaka ƙara. Ka kuma duba ko ƙiyasinka bai wuce fam 12,000 ba, domin wanda wurinsa ɗaya ne tak kuma bai haura haka ba, ba ya biyan komai, daga nan zuwa 15,000 kuma rangwamen yana raguwa ne sannu a hankali. Wannan duk tsarin Ingila ne. Sukotland da Wales da Ireland ta Arewa kowa da nasa.

Mataki na biyu: nemo naka ɗan majalisar

Ka sa lambar unguwarka, wato postcode, a shafin majalisar, sunansa da adireshinsa za su fito. Al'adarsu ce ɗan majalisa ba ya ɗaukar ƙorafin wanda ba ɗan mazaɓarsa ba, don haka kada ka ɓata lokaci wajen rubuta wa wani don ka ji yana da baki a talabijin. Ba sai kana da fasfo ɗin Birtaniya ba kafin ya saurare ka. Zama a mazaɓar ya isa. Ballantana 'yan Najeriya da Gana da Kamaru masu izinin zama suna da ƙuri'a a zaɓen majalisa, saboda ƙasashensu na cikin ƙungiyar renon Ingila. Da yawa daga cikinmu ba su ma yi rajista ba.

Mataki na uku: karanta abin da aka riga aka tambaya

Kafin ka ɗauki alƙalami, shiga sashen rubutattun tambayoyi na shafin majalisar ka rubuta kalmar da ta shafe ka. Kowace tambaya tana da lambarta, da sunan mai tambaya, da ranar amsa. Muhawarar baki kuma tana cikin kundin Hansard, kalma bayan kalma. Ɗakin karatun majalisar yana fitar da bayanai masu sauƙin fahimta kan harajin kasuwanci da dokokin haya, kyauta. Amfanin wannan shi ne, in an taɓa yin tambayarka, minista zai ce kawai a koma ga amsar da ya bayar ranar kaza, ka tashi a tutar babu. In ka san tsohuwar amsar, sai ka ɗora taka daga inda ta tsaya.

Mataki na huɗu: mayar da kukanka tambaya

Nan ne aikin yake, kuma nan ne muka fi faɗuwa. Mukan rubuta shafi uku na ɓacin rai, ma'aikacin ofishin ya karanta, ya tausaya, ya aiko da amsa mai daɗin baki, magana ta mutu. Ofishin ɗan majalisa yana karɓar wasiƙu tuli kullum. Wadda ake ɗauka ita ce wadda ta zo da aikinta a gama.

Shafi ɗaya ya isa. Ka fara da sunanka da cikakken adireshi. Ka faɗi sana'arka da yawan mutanen da ke cin abinci a ƙarƙashinka. Ka kawo lamba biyu, ta bara da ta bana, ka haɗa da hoton takardun. Sannan ka rubuta a fili cewa kana roƙon ya gabatar da rubutacciyar tambaya, ka kuma ba shi tambayar da kanka.

Tambayar majalisa tana da ƙa'ida, kuma akwai ofishin da ke tace ta kafin ta wuce. Dole ta nemi bayani ko ta nemi a ɗauki mataki, dole ta shafi abin da ke ƙarƙashin ministan, kuma ba a cusa zargi ko gardama a ciki. "Me ya sa kuke kashe ƙananan 'yan kasuwa?" ba za ta wuce ba. Amma za a karɓi irin wannan: wane nazari ma'aikatar kuɗi ta yi kan tasirin rage rangwamen a kan ƙananan shaguna? Ko kuwa: wurare nawa ne a yankin ƙaramar hukuma kaza ƙiyasinsu ya tashi a sabon ƙiyasin Afrilu 2026? Ni na fi son mai neman adadi, domin tambayar nazari takan samu amsa mai santsi, adadi kuwa ko a faɗe shi ko a amsa cewa ba a tattara shi ba, kuma wannan ma abin riƙewa ne.

In da hali, ka je da kanka. Yawancinsu suna zaman ganawa da jama'a a mazaɓa, galibi ranar Juma'a. Masu shago biyar daga layi ɗaya, kowa da takardarsa a hannu, sun fi wasiƙa hamsin nauyi.

Mataki na biyar: bi sawun amsar

Tambaya ta yau da kullum ana sa ran amsarta cikin kamar mako guda na aiki. Akwai kuma wadda ɗan majalisa ke yanka wa rana, amma biyar kawai aka yarje masa a yini, don haka kada ka yi fushi in bai ba taka wannan gurbin ba. In amsa ta fito, ka karanta ta da tambayar a gefe. Sau da yawa minista zai jera abubuwan alherin da gwamnati ta yi, ya tsallake abin da aka tambaya. Ka sake rubuta wa ofishin, ka nuna layin da aka tsallake, ka roƙi tambaya ta biyu wadda ta fi ta farko ƙunci. Daga nan ɗan majalisar zai iya neman muhawara a ƙaramin zauren muhawarar majalisa da ake kira Westminster Hall, inda dole minista ya zo ya tsaya ya mayar da jawabi.

Mataki na shida: kai shaida gaban kwamiti

Maganar gida ta fi tafiya ta nan. Kwamitin majalisa da ke sa ido kan ma'aikatar gidaje da ƙananan hukumomi, tun 2024 Florence Eshalomi ke shugabantarsa, 'yar majalisa daga kudancin Landan mai tushe a Najeriya. Na harkar kuɗi kuma Meg Hillier. In kwamiti ya buɗe bincike yakan yi kiran shaida, kuma kowa zai iya aikawa, ba sai masani ba. Ka amsa tambayoyin da suka jera, ka taƙaita, kada ka wallafa rubutun a wani wuri kafin su karɓa. In kana tsoron mai gidanka, ka roƙi a ɓoye sunanka. Idan rahoto ya fito, ana sa ran gwamnati ta amsa cikin wata biyu.

Kada ka raina abin da ke bangon ɗakinka. Awaab Ishak yaro ne ɗan shekara biyu da ya rasu a Rochdale a Disamba 2020, kuma binciken kotu a 2022 ya tabbatar da cewa fumfunar da ta cinye bangon gidansu ce ta kashe shi, bayan iyayensa sun yi ta kai kuka. Allah ya jiƙansa. Yau akwai doka da sunansa, wadda ta fara aiki 27 ga Oktoba 2025, ta ɗaure masu gidajen hukuma su binciki danshi da fumfuna mai haɗari cikin kwana 10 na aiki. Haka sashe na 21 na tsohuwar dokar haya, wanda a da ke ba mai gida damar tayar da ɗan haya da notis na wata biyu ba tare da dalili ba: tun 2019 aka yi alkawarin soke shi, ƙudurin farko ya mutu da rushe majalisa a 2024, sai a Oktoba 2025 dokar haƙƙin 'yan haya, wadda ta soke shi, ta samu sa hannu. Shekara shida ana tambaya ana maimaitawa. Don haka ka ɗauki hoton bangon da kwanan wata, ka ajiye kowace wasiƙa da takardar likita, su ne shaidarka.

Takardar koke ta intanet ma tana nan: sa hannu 10,000 gwamnati ta amsa, 100,000 a duba yiwuwar muhawara. Ga mai shago ɗaya wannan dutse ne mai nauyi, na fi ba ka shawarar ka tsaya kan tambaya da kwamiti.

Duk tsawon wannan bin sawu, kada ka daina biyan harajin ko kuɗin haya. Tambaya a majalisa ba ta dakatar da bashi, kuma ƙaramar hukuma tana iya kai ka kotu tun amsa ba ta fito ba. In nauyin ya yi yawa, ka kira su ka nemi a raba maka biyan harajin wata 12 maimakon 10, ka kuma tambaya ko suna da rangwamen masu cikin ƙunci. Abin da na fara yi wa Baba ke nan a ranar, da wayarsa, kafin mu zauna rubuta wasiƙar.