Kurakuran da ke raba sabuwar kwalta da tsohuwa

Yawancin lissafin kaurin kwaltar da za a ƙara wa tsohuwar hanya yana dogara ne da zaton cewa shimfiɗar sama za ta manne da ta ƙasa. Manhajar Alizé da injiniyoyi ke aiki da ita takan buƙaci a faɗa mata ko shimfiɗun a manne suke ko suna zamewa. Kuskure mafi tsada daga ofis yake farawa: a zaɓi "a manne" ba a je an huda hanyar an duba ba.

Katako biyu da aka haɗa da ƙusa sun fi waɗanda aka ɗora kawai jure nauyi. Haka kwalta take. In ta saki, kowace shimfiɗa ita kaɗai take lanƙwasawa ƙarƙashin tirela, gindin ta sama ya tsage tun lokacinta bai yi ba. Don haka a ciro samfur da injin huda kafin a zana aiki. In ya fito gida biyu, tsakiyarsa sumul da ƙura, to a kankare shimfiɗar da ta saki, ko a sake lissafi a ƙara kauri.

A bakin aiki kuwa, ƙura ce babbar abokiyar gabarmu a Tahoua. Sai a share hanya da safe, a fesa ruwan kwaltar manni, wato wanda ke manna sabuwar shimfiɗa da tsohuwa, da la'asar, alhali iskar hunturu ta riga ta maido da rairayi. Wannan asarar tana ci mini rai, domin maganinta ba ya cin kuɗi: shara da feshi su bi juna nan take.

Gaggawa ma tana ɓata aiki. Ruwan mannin yakan fito da launin ƙasa-ƙasa, sai ruwan cikinsa ya bushe ya koma baƙi, sannan a shimfiɗa kwalta. Kada a bar motocin dakon kwalta su yi ta zirga-zirga a kansa, tayoyi na kwashe shi. Kimanin giram 300 na tsantsar kwalta a murabba'in mita akan nema. In ya yi yawa, zafin bazara zai sa shimfiɗar ta zame.

Alamar sakin ba ta ɓuya. A hanya mai manyan motoci irin ta Tahoua zuwa Arlit, a duba inda ake taka birki: tsaga mai siffar jinjirin wata. Cike ta da faci ɓata kuɗi ne, sai an yanke har inda ta rabu.