Gyaran Daben Ƙaramin Jirgin Ruwa Mai Tafiya da Iska Idan Ruwa Ya Shige Shi

Daben irin waɗannan jirage hawa uku ne: faiba (zaren gilashi da aka daskarar da gam) a sama, faiba a ƙasa, sai ciko a tsakiya na katakon balsa ko filawud ko soso mai tauri. Ruwa kan shiga ne ta ramukan notinan da aka ɗaure ƙarafa da su, bayan gam ɗin da ya toshe su ya tsufa, kuma da zarar ya isa katakon sai ya ruɓar da shi a ɓoye, har wurin ya riƙa lotsawa idan an taka.

A fara da gano iyakar ɓarnar. A riƙa ƙwanƙwasa daben da gudumar roba: lafiyayyen wuri yana ba da ƙara mai kaifi, wanda ya rabu da cikonsa kuwa ƙararsa a dushe take. A zagaye wurin da fensir, sannan a huda ƙananan ramuka a gefensa a duba garin da ke fitowa. Idan baƙi ne mai laima, ba a kai iyaka ba tukuna.

Daga nan a saita zarto daidai kaurin faibar sama kaɗai, a yanka, a ɗaga ta a hankali. A kankare ruɓaɓɓen cikon har sai an tarar da busasshe fes, a bar wurin ya bushe sarai ko da zai ɗauki kwanaki. A nan masu gaggawa ke yin asara, domin gam ɗin ifoksi ba ya kama jiƙaƙƙen wuri. A goge da samfefa da asiton (ruwan sinadari mai wanke maiƙo), ana sanye da takunkumi da safar hannu.

A yanko sabon ciko mai kauri ɗaya da tsohon, a kwaɓa ifoksi da garin da ke ƙara masa kauri, kaɗan-kaɗan, don mai yawa yana yin zafi ya daskare a kwano. A shafa, a kwantar da cikon, a mayar da faibar, a shimfiɗa leda a danne da buhunan yashi. Bayan ya kama, a fiƙe bakin mahaɗar a karkace, faɗin ya ninka kaurin sau 12, wato milimita 36 ga faiba mai milimita 3, a cike da sabbin yaduddukan faiba da ifoksi, a goge, a yi fenti.

Ramukan notinan kuwa, a huda su fiye da girmansu, a cika da ifoksi, idan ya daskare a sake huda daidai girman notin a tsakiyarsa, ta yadda ko ruwa ya sake bi ta nan, ba zai taɓa katakon ba.