Yadda za ka ɗauki hoton shuɗiyar ƙurar da ke jikin Kaza da 'Ya'yanta

Taurarin da muke kira Kaza da 'Ya'yanta, masana kuma su ce M45, suna ratsa wata ƙura a can sama, tafiyar haske ta shekara 440 ko kusa da haka daga nan. Ƙurar ba ta da hasken kanta, na taurarin take maidowa, shi ya sa take fitowa shuɗiya. Masanin taurari Vesto Slipher ya tabbatar da hakan tun 1912.

To ga abin da hakan ke nufi gare ka: gilashin tace haske mai tsada, wanda ake sa wa kyamara don ɗaukar jan gajimaren da ke tsakanin taurari, a nan asarar kuɗi ne. Zai tare hasken da kake nema tare da na fitilun gari. Duhu kawai za ka nema. Ka fita ƙauye a daren da babu wata, can nesa da janareto da fitilun sola.

Lokacin da na fi so shi ne daga ɗaukewar damina zuwa kafin hazo ya sauko, wato Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Kaza tana hawa sosai bayan tsakar dare. Da hunturu ya kankama, ƙurar Sahara ta rufe ta sama, sai haƙuri.

Kyamara mai cire gilashi, da gilashi na milimita 135, sun isa. Amma dole ka sami na'urar da ke bin juyawar sama. Saita ta da tauraron arewa shi ne wahalar: a Kano digiri 12 kacal yake sama da ƙasa, bishiyar darbejiya ɗaya ma ta ɓoye shi. Ka zaɓi fili tun da rana.

Ka sa ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, a 800, kowane hoto daƙiƙa 90, a tsarin RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta gyara ba, ka tara na awa uku. Sannan ka rufe bakin gilashin ka ɗauki guda 20 baƙaƙe da wannan saitin dai, don cire ɗige-ɗigen da kyamara ke sa wa hoto. Ka haɗa su duka a manhajar Siril, kyauta ce.

Wajen gyara ne mutane ke ɓata aikinsu. Kada ka mayar da sararin baƙi ƙirin don ya yi kyau a waya, domin ƙurar tana cikin wannan toka-tokar. Ka ɗaga hasken sannu a hankali har zaren shuɗi ya bayyana gefen Merope, ɗaya daga cikin taurarin Kaza, a nan ya fi kauri.