Yadda za ka kai yara fatsa a dam ka dawo da su lafiya

Jihar Kano tana da madatsun ruwa da yawa, amma akasarin yaran cikin birni ba su san kifi ba sai na kwali ko wanda aka soya aka jera a faranti. Ni da abokaina na majalisa mukan haɗa mota mu kwashi 'ya'yanmu mu kai su bakin dam su jefa ƙugiya, kuma mutane suna yawan tambayata yadda muke yi. Zan faɗi yadda muke yi ɗin dalla-dalla. Abin da nake so mai karatu ya fara riƙewa shi ne, tafiyar ta yara ce. Wanda yake son ya cika buhu da kifi ya je shi kaɗai wata rana.

Ka fara da zaɓen ruwa. Tiga ita ce babba, an gama ta a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, tana kudu da birni wajen kilomita 70. Titin Zariya za ka bi, ka wuce Kura da Ciromawa, kuma a wannan yankin ne tafkin Bagauda yake, inda makarantar horar da lauyoyi take yanzu. Akwai dam ɗin Challawa a Ƙaraye da aka gama a 1992, akwai Watari a Bagwai, akwai Thomas ta wajen Ɗambatta. Idan da ƙananan yara ne kuma fitar farko ce, na fi son Bagauda ko wani lungu na Tiga inda gaɓa take a shimfiɗe, ruwa yana zurfi a hankali. Ƙaraye tana da kyau amma tafiyar da nisa, yara za su gaji tun ba a isa ba.

Dam ɗin Wasai ya fi kusa da gari, sai dai ban ba ka shawarar ka kai yara can su kama abin da za su ci ba. Ruwan Jakara ne yake zuba a ciki, ya kwaso dattin kwatocin birni da na masana'antun Bompai. Haka kuma ka nisanci manyan hanyoyin ruwan noman rani na wajen Kadawa. Suna kama da wurin da za a zauna a yi fatsa, amma gefensu siminti ne mai santsi, ruwan yana da gudu, wanda ya zame ba shi da abin kamawa.

Lokacin da ya fi shi ne bayan ɗaukewar damina, Oktoba zuwa Nuwamba, dam ya cika, ciyawa tana kore, zafi ya ragu. Tsakiyar hunturu kifi ba ya cin ƙugiya sosai, ga iskar bakin ruwa da take sa yara mura. A bazara ruwa yana ja baya ya bar taɓo mai kama ƙafa, rana kuma tana ƙuna tun hantsi. Ku bar gida da an idar da sallar Asuba. Ka duba kalanda kada ranar ta faɗa Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli da ake hana zirga-zirga da safe. Ka nemi izinin malamin Islamiyya tun kafin ranar, ka kuma zauna da iyayen yaran mata ka gaya musu inda za ku da lokacin da za ku dawo. 'Yan mata ma a tafi da su. A cikin yaranmu, wadda ta fi kowa haƙurin zaman jiran kifi 'yar ƙanwata ce.

Kayan fatsa ba su da tsada. Doguwar gora siririya mai kamar mita biyu, zaren roba na fatsa, ƙananan ƙugiyoyi, 'yar dalma, da abin da zai yi iyo a kan ruwa ya nuna maka kifi ya taɓa. Mu tsohon silifas muke yankawa ƙanana-ƙanana, mai launi mai haske don yaro ya riƙa hangowa. Ana samun zare da ƙugiya a kasuwar Sabon Gari, ana kuma samu a kasuwannin garuruwan da suke bakin dam. Kada ka sayi sandar nan mai injin naɗe zare don yaro ɗan shekara 7, rabin ranar za ka ƙare ne kana warware masa zare. Tsawon zaren ya zo daidai da tsawon gorar, kada ya fi.

Tun a gida, ka sa filaya ka danne ɗan haƙorin nan da yake bayan tsinin kowace ƙugiya. Shi ne yake hana ta fita idan ta shiga. In ka danne shi, wani kifin zai suɓuce, amma ranar da ƙugiya ta shiga yatsan yaro za ta fito ba tare da an tsaga ba. Idan wadda ba a danne ba ce ta nutse a nama, kada a fizge ta. A yanke zaren, a rufe wurin, a tafi asibiti mafi kusa, a kuma tambayi allurar tetanus.

Abincin ƙugiya kuwa, babu kamar tana. Ka sa yara su tono ta da yamma a gindin ayaba ko inda ruwan wanke-wanke yake kwanciya, a zuba a gwangwani da danshin ƙasa, a huda murfin. Ka haɗa da ɗan ragowar tuwo da aka murza da dusa har ya yi danƙo, karfasa tana sonsa. In kana fatan tarwaɗa, ka riƙo hanjin kaza. Sai dusa kamar kwano ɗaya daban, zan faɗi amfaninta.

Da kun isa, kada kowa ya sauke kaya. Ka nemi masuntan wurin ka ce a kai ka wajen Sarkin Ruwa ko wanda yake madadinsa. Ka gaishe shi yadda ya kamata, “Ranka ya daɗe, baƙi ne daga birni, mun kawo yara su ga ruwa, muna neman inda za mu zauna,” ka ajiye ɗan goro. Da ɗan gari akan ci gari. Su ne suka san inda tsohon kwarin kogi ya bi a ƙarƙashin ruwan, inda taki ɗaya daga gaɓa zurfin ya fi tsayin mutum, su ne suka san inda aka shimfiɗa kalli, wato ragar kamun kifi, da mamari, wato dogon zare mai ƙugiyoyi da yawa, don kada ƙugiyarku ta sarƙe musu kaya, kuma su za su gaya maka inda ma'aikatan dam suka hana zama. Sau da yawa za a haɗa ku da wani saurayi ya zauna tare da ku. Ka karɓe shi hannu biyu, ka sallame shi da kyau in za ku tafi. Abin da zai koya wa yaranka a awa ɗaya ba za ka iya koya musu ba.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace muhimmanci a wurina. A cikin manya, dole a ware mutum ɗaya wanda ba zai riƙe gora ba, ba zai duba waya ba, ba zai shiga hira ba. Aikinsa kallon yara da ƙirga su. Bayan kamar rabin awa wani ya karɓe shi, kuma a faɗa da baki, “Na karɓa,” don kada kowa ya zaci ɗan'uwansa ne yake kallo. Yaron da yake nutsewa ba ya ihu yadda mutane suke zato, bakinsa yana neman numfashi ne, a shiru yake tafiya. A gefen mai gadin nan a ajiye jarka mai lita 20 babu komai a ciki, an ɗaure murfinta tam, an ɗaura mata doguwar igiya. In wani ya faɗa, jarkar za a jefa masa a jawo, a kwala wa masunta kira. Wanda bai iya ruwa ba kada ya bi shi ciki. Kowane babba ya ɗauki yara biyu, in sun yi yawa uku. In yaran sun fi haka, a rage su, a yi wa sauran alƙawarin wata fitar.

Kwalekwale kuwa, yara za su roƙa, wani ma har da kuka. Amsata a'a ce, sai in kowane yaro yana da rigar kariya daidai jikinsa, kuma ba a cika jirgin ba. Duk Bakano yana tuna ranar 30 ga Nuwamba, 2021, da jirgi ya kife a ruwan Bagwai da mutanen da suka taso daga Badau, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, aka rasa aƙalla rai 29. Allah ya jiƙansu. Karfasar da yaro yake buƙata tana nan kusa da gaɓa, a gindin ciyawa.

Kada kuma a bar su su shiga wanka ko su tsaya cikin ruwan, ko da iya idon sawu ne. Tsargiya tana nan a irin waɗannan ruwaye. Ƙwayar cutar tana girma a jikin ƙananan katantanwa da suke maƙale a ciyawar bakin ruwa, ta fito ta huda fatar mutum ba tare da ya ji ba. Shi ya sa muke tahowa da ruwan sha da na alwala daga gida, yara kuma su sa takalmi mai rufe ƙafa.

To, an samu wuri, an shimfiɗa tabarma. Ka jiƙa dusar nan ka cuɗa ta da laka, ka dunƙula kamar guda biyar, ka jefa inda za a sa ƙugiya. Za ta narke a hankali ta tara kifi. Ka zaunar da yara da tazarar da gorar wani ba za ta kai kan wani ba, kuma ba mai wurga zare ta bayansa, a hankali ake lilo da shi gaba a sauke. Ka soka tana ta rufe ƙugiyar, ka bar ɗan wutsiyarta yana motsi. Tsakanin ƙugiya da guntun silifas ka fara da kamu ɗaya na hannu, in shiru ta yi yawa ka ƙara zurfi.

Sai ka durƙusa kusa da yaron ku kalli silifas ɗin tare. Da farko zai ɗan yi rawa, ya tsaya, ya sake rawa, ƙananan zobba suna buɗewa a kan ruwa. Nan ne yaro zai ce, “Baba, ya ci! In ja?” Ka ce masa ya dakata, taɓawa kawai yake yi. Can sai ka ga silifas ya karkata, ya fara tafiya gefe, ya nutse gaba ɗaya. Yanzu ne. Ya ɗaga gorar sama da ɗan ƙarfi, ba fizga ba. Zai ji abu yana karkarwa a tafin hannunsa ta cikin gorar, kuma a nan nake roƙonka kada ka karɓe masa. Ka riƙe masa gwiwar hannu in ya cancanta, amma shi zai fito da kifinsa. Ko da bai fi tafin hannunsa ba, a yi masa barka kamar ya kamo giwan ruwa.

Cire kifi daga ƙugiya aikin babba ne har sai yaro ya ga yadda ake yi. Karfasa tana da ƙayoyi a gadon baya, sai ka shafo ta daga kai zuwa baya su kwanta, sannan ka riƙe. Kurungu ya fi haɗari. Yana da ƙaya ɗaya a baya da biyu a gefe masu haƙora kamar zarto, yana kafe su in an fito da shi, har za ka ji yana gurnani. Yara suna son jin kukan nan, to su ji daga nesa. Tarwaɗa ma tana da ƙaya a gefe ga santsi, da tsumma ake kama ta. In kun kamo karfasa kuka ga bakinta cike da ƙwai ko 'yan mitsi-mitsin 'ya'ya, ka kira yaran duka su gani, don a baki take renonsu, sannan a mayar da ita ruwa. Ƙananan da ba su kai ci ba su ma a mayar.

Hankalin ƙaramin yaro ba ya wuce awa ɗaya a kan gora. In ya gaji kada a tilasta masa. A ba shi ƙosai da shayi, ya je tare da babba ya ga masunta suna fitowa da kamun dare, ya ga yadda ake jefa birgi, wato ragar da ake wurgawa, ya buɗe a iska. A nan ne ma za ka sayi kifin da za a kai gida, domin abin da yara suka kama ba zai isa miya ba, kuma sayen yana ƙara muku daraja wurin mutanen da suka karɓe ku. Ragon ruwa in an samu, shi nake fara tambaya.

Tarwaɗa tana daɗewa da rai a bokiti da ɗan ruwa, don tana iya shaƙar iska, sai dai a rufe bokitin da abu mai nauyi a bar kafar iska. Karfasa kuwa ba ta jure zafi, a fasa cikinta a wanke da ruwan da kuka zo da shi, a sa a kula da ƙanƙara. Kafin ku tashi, yara su tsince leda da robar ruwa, babba kuma ya bi wurin ya tattara guntayen zare da ƙugiya, domin shanu suna zuwa shan ruwa a nan, 'ya'yan masunta kuma ba takalmi suke yawo. A ƙirga yara a bakin mota, a sake ƙirgawa bayan an zauna. Mu da an yi Azahar muke kamo hanya, don kada duhu ya same mu a titin Zariya.

A gida, a goge santsin tarwaɗa da toka ko ruwan zafi. Kifin da yaro ya kama da hannunsa a soya masa shi daban da gishiri da ɗan yaji, ya kai wa mahaifiyarsa ta fara ɗanɗanawa, a kuma zare wa ƙanana ƙaya kafin a ba su. Ƙugiyoyi a soka su a jikin guntun silifas, a sa a gwangwani mai murfi a ɗora inda hannu ba ya kai. In akwai yaron da ya jiƙe a dam, ka gaya wa mahaifiyarsa ta sa ido har wata uku. Zazzaɓin da ba a gane kansa ba, ko jini a ƙarshen fitsari, a kai shi asibiti a ce ya taɓa ruwan dam, a gwada fitsarin. Maganin tsargiya sunansa praziquantel, kuma da nauyin yaro ko tsayinsa ake auna yawan da zai sha, don haka ma'aikacin lafiya ne zai ba shi.