Darasi na Tara: Sharar Asibiti, Kowace da Mazubinta

Da asuba, kafin likita ya shigo zagaye, mai shara ta riga ta gama da ɗakin mata. Takan ɗaure bakin leda, ta ɗaga, ta nufi waje. To a ce cikin dare wani ya jefa allura a ledar nan tare da ɓawon ayaba da ledar fiya wata. Tana tafiya ledar na bugun ƙafarta, sai allurar ta huda ta soke ta a cinya. Ba ta san wa aka yi wa allurar ba, balle ciwon da ke jininsa. Wannan darasi don irinta aka rubuta shi, da ku masu zaman jinyar 'yan uwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 85 cikin 100 na sharar asibiti irin ta gida ce: takarda, kwali, ragowar abinci. Sauran kashi 15 su ne masu haɗari. Amma da zarar an cakuɗa su, duka sun zama masu haɗari, kamar wake ɗaya da ke ɓata gari. Shi ya sa ake rarraba shara a wurin da aka yi ta, kuma wanda ya yi ta shi zai rarraba.

Launin bokiti ko leda shi ke nuna abin da za a zuba. Baƙi na sharar yau da kullum ne. Rawaya na abin da ya taɓa jini ko mugunya ne, irin su auduga, bandeji da safar hannu. A asibitocin Najeriya za ku ga ja, na shara mafi haɗari, misali wadda ta fito daga ɗakin gwaje-gwaje. Ruwan ƙasa kuma na magungunan da suka lalace ne. Ko wanda bai iya karatu ba ya san launi, hikimar tsarin ke nan.

Allura, reza da fasasshiyar kwalbar magani ba sa shiga leda ko kaɗan. Suna da akwatinsu na kwali mai kauri, mai ƙaramin baki a sama. Ana gama allura sai a jefa ta ciki tare da sirinjin. Kada a tsaya mayar mata da murfi, domin garin mayar da murfin ne ma'aikata da yawa ke soke yatsunsu. In akwati ya kai kashi uku cikin huɗu, a rufe shi. Kada a girgiza shi don a sami wuri, kada a tura hannu ciki.

Mutane sun fi tsoron ƙanjamau, alhali ciwon hanta nau'in B ya fi shi saurin kamu. Idan allurar mai ciwon hanta ta soki mutum, haɗarin kamuwa yakan kai 30 cikin 100. Na ƙanjamau kuwa kamar 3 ne cikin 1,000. Ciwon hantan nan yana da rigakafi, allura uku. A ganina duk asibitin da ya ɗauki mai shara aiki bai yi masa ita ba, bai kyauta ba.

Wanda allura ta soka ya wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana. Ban da tsotsa, ban da matsa. Ya faɗa wa shugabar nas a lokacin, kada kunya ko tsoron faɗa su hana shi. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, kuma gara a fara a ranar.

Shara mai cuta ba ta daɗewa a ajiye. A ƙasa mai zafi irin tamu, kada ta wuce awa 24 lokacin bazara, ko awa 48 lokacin sanyi. Ɗakin ajiyarta ya zama mai ƙofa da makulli, saboda ɓeraye da karnuka da yara 'yan jari bola, waɗanda kan tsinci sirinji su riƙa fesa wa juna ruwa. Ƙona ta a fili bayan katanga ba daidai ba ne. Ledar ƙarin ruwa in ta ƙone a ƙaramar wuta hayaƙinta guba ne, maƙwabta ke shaƙa. Injin ƙona shara na zamani yana kai zafin digiri 850 zuwa 1,100. Inda babu shi, akan haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya, a kewaye shi, a riƙa rufe kowane zubi da ƙasa.

Sai batun mabiyiya. A ƙasar Hausa dangi sukan karɓe ta su binne a gida. Mai karɓa ta sa safar hannu, ta ɗauka a mazubi mai murfi, a binne da zurfi yadda kare ba zai tone ba. In unguwarzoma ta ce mai jego na da ciwon da ake ɗauka ta jini, a bar wa asibiti su binne a raminsu.

Aikin aji: Ku rubuta launuka huɗun nan a littafinku, kowanne da abu biyu da ake zubawa a cikinsa. Sannan ku tattauna bibbiyu: maƙwabcinku mai ciwon suga yana yi wa kansa allura a gida kullum, ina zai riƙa tara allurorinsa, kuma ina zai kai su in mazubin ya cika?