Kada ka fara faɗa wa dillalin mota abin da ke aljihunka

Ɗan'uwa, in dillali ya tambaye ka nawa ka tanada, kada ka ambaci adadi.

Ce masa ya rubuta maka kuɗin motar gaba ɗaya, har da na takardu da la'adarsa. Da zarar ya ji ƙarfinka, nan farashin zai tsaya, ko da motar ba ta kai ba.

In musaya za ka yi da tsohuwar motarka, bar maganarta sai an sallama. In ka haɗa su, sai a rage maka nan, a danne ka can.

Yi masa magana cikin mutunci, shi ma abincinsa yake nema.

Dabarar ba ta ci in masu son motar sun yi yawa, ko a wurin da ba a taya kaya.