Darasi na Tara: Ƙuna da Neman Diyya

Ɗan ƙanwata yana aiki a wani gidan burodi. Tukunyar gas da ke kusa da tanda ta daɗe tana yoyo, har warin kan tare mutum tun daga ƙofa. Ma'aikata sun yi ta faɗa wa mai gidan, kullum amsarsa ɗaya: "Za a gyara." Wata asuba yaron ya ƙyasta ashana, wuta ta tashi, ta ci hannunsa na dama tun daga yatsu har gwiwar hannu.

Bayan kwana uku mai gidan ya zo asibiti da ledar lemo, da naira 20,000, da wata takarda. Ya ce, "Ƙaddara ce, yaro. Dangwala nan don a san na taimaka." Yaron bai iya karatu ba. Ya dangwala da hannun hagu.

Da na je dubiya sai ya ce, "Kawu, ai Alhaji ya yi ƙoƙari." Ya miƙo mini kwafin da aka bar masa. An rubuta cewa ya karɓi haƙƙinsa duka, ba shi da sauran magana. Daren nan ban runtsa ba.

Ƙaddara da sakaci

Dukanmu mun yarda da ƙaddara. Amma yarda da ƙaddara ba ta kashe haƙƙi. Shari'ar Musulunci da kanta ta tanadi diyya ga wanda aka ji wa rauni bisa kuskure, kuma raunin da ba a yanke masa adadi ba, alƙali ne ke ƙiyasta shi. Dokar ƙasa ma ta tanada. Don haka wanda ya nemi diyya bai yi butulci ba, bai yi rashin tawakkali ba. In ya ga dama ya yafe, to ya yafe da saninsa, ba don an rufe masa ido ba.

Sakaci a wurin kotu shi ne a ce akwai nauyin kula a wuyan mutum, ya ƙi kulawa, rashin kulawar kuma ta jawo wa wani cuta. Mai sayar da kananzir da ya gauraya shi da fetur, fitila ta fashe a hannun matar gida, ya yi sakaci. Haka wanda aka kai wa rahoton wayar lantarki ta tsinke a unguwa, ya bar ta kwana da kwanaki har yaro ya taka. Haka mai gidan burodin nan. Idan kai ma da naka laifin a ciki, kotu kan rage abin da za ta ba ka gwargwadon laifinka, ba lallai ta hana ka gaba ɗaya ba.

Rai tukuna

Da zarar an ƙone, a zuba ruwa mai sanyi, mai tsabta, a kan wurin na tsawon minti 20. A cire zobe da awarwaro kafin hannu ya kumbura. Kada a shafa ƙwai, ko manja, ko man goge baki, ko gishiri. Kada a fasa ƙurajen ruwan da suka taso. A rufe da tsabtataccen ƙyalle a nufi asibiti. Zuwa asibiti riba biyu ne: ana samun magani, ana kuma samun kati da rahoton likita, waɗanda su ne ƙashin bayan neman diyya. Wanda ya yi jinya a gida, da wuya ya iya nuna wa kotu girman abin da ya same shi.

Abin da za a adana

A nan ne karatun da kuke yi a wannan aji zai yi muku rana. Ku sayi ƙaramin littafin rubutu. A shafin farko a rubuta ranar da abin ya faru, da lokaci, da wuri, da sunayen waɗanda suka gani. Duk abin da aka kashe a rubuta shi a ranar: magani, bandeji, wankin ciwo, kuɗin gado, kuɗin a-daidaita-sahu zuwa asibiti. Kowane rasit a sa shi a leda, ko da na naira 500 ne. A rubuta kwanakin da majinyaci bai fita nema ba, da abin da yakan samu a rana.

A ɗauki hoton ciwon da waya tun ranar farko, a riƙa ƙarawa duk mako. A ɗauki hoton wurin kafin a share shi. Fitilar da ta fashe, ko risho, ko ragowar kananzir a kwalba, kada a zubar. Mutane kan yi saurin jefar da su don ba sa son ganinsu, na kuma fahimci haka, amma su ne shaidar da ba ta canza magana. Idan mota ce ko tankar mai, a rubuta lambarta, a kai rahoto wurin 'yan sanda, domin doka ta wajabta wa kowace mota inshorar da ke biyan wanda ta ji wa rauni.

Don me ba a gaggawar dangwalawa

Ƙuna ba kamar yanka ba ce. Kuɗinta na gaske ba ya bayyana a makon farko. Bayan ciwo ya rufe, fata takan tsuke, yatsu su lanƙwashe, gwiwar hannu ta ƙi miƙewa. Sai a buƙaci tiyata, a yanko fata daga cinya a dasa, a yi watanni ana gashin hannu da motsa shi. Irin wannan aiki sai manyan asibitoci, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko Asibitin Koyarwa na Shika a Zariya. Wanda ya karɓi kuɗin sallama tun yana gadon asibiti ya sayar da kaya bai san farashinsu ba.

Akwai dokar da ke kare wanda bai iya karatu ba. Duk wanda ya rubuta takarda da sunan irin wannan mutum, dole ya sa nasa sunan da adireshinsa, kuma sai an karanta wa mutumin an fassara masa kafin ya dangwala. Takardar ɗan ƙanwata ba ta da ko ɗaya. Da lauya ya rubuta wa mai gidan wasiƙa ya nuna masa haka, sai ga shi ya aiko dattawa a zauna. An zauna da littafinmu da rasit a gaba, ya biya kuɗin tiyata da na watannin zaman gida. Yatsu biyu dai har yau ba sa miƙewa.

Sulhu alheri ne, ban taɓa hana kowa ba. Sai dai a yi shi bayan likita ya faɗi abin da ya rage na jinya, a gaban shaidu, a rubuce, wani naka mai karatu ya karanta.

Ina za a kai kuka

Idan a wurin aiki ne, akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar asusun inshorar ma'aikata, wato NSITF, ke gudanarwa. Mai kamfani ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, ba a cire wa ma'aikaci komai. Ma'aikaci ya sanar da mai gidansa cikin kwana 14, mai gida ya sanar da hukumar cikin kwana 7, a kuma shigar da neman diyya cikin shekara 1. A wannan hanya ba sai ka tabbatar da laifin mai gida ba. Ƙananan wuraren sana'a da yawa ba su yi rajista ba, don haka wasu kan nufi Kotun Ma'aikata. A tambayi lauya tun farko, saboda bin hanya ɗaya kan iya rufe ɗayar.

Idan kaya ne marasa kyau aka sayar maka, hukumar kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC, tana karɓar ƙorafi. Sauran ƙararraki ana kai su Babbar Kotun Jiha, ko kotun Shari'a a jihohin da take aiki.

Wanda ba shi da kuɗin lauya ya je Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976. Tana da ofis a kowace jiha, kuma don talaka aka yi ta.

Ku riƙe wannan da kyau: ƙara tana da wa'adi. Ya bambanta daga jiha zuwa jiha, a wasu wurare shekara 3 ne. Idan kuwa jami'in gwamnati ko hukumarta ake ƙara, wa'adin kan iya zama wata 3 kacal. Majinyaci yana kwance, wani ɗan'uwa ya fara bin takardun.

Aikin aji

Ga misali. Wata mata mai tuyar ƙosai ta ƙone da gurɓataccen kananzir. Ta kashe naira 85,000 a magani, 30,000 a wankin ciwo, 12,000 a kuɗin mota. Takan ci ribar naira 2,000 a rana, ta kuma yi kwana 60 ba ta fita ba. Nawa ne jimillar asararta zuwa yanzu? Wace asara ce ba ta shiga wannan lissafi ba?

Kowa ya rubuta gajeriyar wasiƙa, layi biyar, yana sanar da mai gidansa cewa ya ƙone a bakin aiki. A sa kwanan wata a sama, a faɗi wuri da lokaci da abin da ya jawo, a ambaci shaida ɗaya, a sa hannu a ƙasa. A kwafe ta sau biyu, ɗaya ta miƙawa, ɗaya ta ajiya. A kawo ranar darasi na gaba mu karanta tare.